Jita mai maganar kukuma: amsa ga wanda ya ci karo da Ali Farka Touré

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin jinya ne a Kaduna, ban san komai game da kiɗa ba in ban da in ji abu ya yi mini daɗi. Mako uku da suka wuce na kai ɗinki wajen wani tela mutumin Mali, na tarar ya sa waƙar wani mutum: murya da jita da ƙwarya kawai, ba fiyano, ba gangar inji. Ko kalma ɗaya ban ji ba, amma na kasa tashi sai da ta ƙare, don ji na yi kamar ina zaune gaban mai gurmi a ƙauyenmu. Telan ya ce sunansa Ali Farka Touré, kuma wai ba jita kaɗai yake kaɗawa ba, har da wani abu mai kama da kukuma. Da na kunna wa wani abokina sai ya ce ai kiɗan baƙaƙen Amurka ne da ake kira buluz, kwaikwayo kawai ya yi. To Malam, wane ne mutumin nan? Me ya sa kiɗansa ya yi mini kama da na gida? Abokina yana da gaskiya? Kuma ta ina zan fara saurarensa tunda ba na jin yarensa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da aiki Malam, Allah ya ba majinyatanku lafiya. Tambayarka ta zo gidan sauƙi, don mutumin da ka ambata yana cikin 'yan ƙalilan ɗin da na fi shekara ashirin ina saurare ban ƙoshi ba. Sana'ata ɗaukar sauti, na fara ta a gidan rediyo tun ana yanka tef da reza ana liƙewa, daga baya na buɗe ɗan sitidiyona. Ina ɗan taɓa jita, kuma na kafa wa masu gurmi da kukuma da yawa makirufo. Da kunnen wannan sana'a zan ba ka amsa.

In na fahimce ka, abu huɗu kake nema: ko wane ne shi, dalilin da kunnenka ya karɓe shi ba gardama, ko aro ya yi daga Amurka, da ƙofar da za ka shiga. A ganina duka huɗun a kan abu guda suke rataye, wato tsirkiya ɗaya. Ali da kayan kiɗa masu tsirkiya ɗaya tak ya fara, a kansu hannunsa ya nuna, sa'annan da jita ta shigo masa sai ya tilasta mata ta yi maganarsu. Kai kuwa kunnenka a kan kukuma da kuntigi da gurmi ya tashi, ko ka lura ko ba ka lura ba. Shi ya sa kuka gane juna tun a sallamar farko.

Jakin da ya ƙi mutuwa

An haife shi a 1939 a ƙauyen Kanau, bakin kogin Kwara, a yankin Timbuktu da ke arewacin Mali, ya kuma girma a garin Niafunké, shi ma a bakin kogin. Shi ne ɗa na goma a wajen mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai ya rayu, sauran duk sun koma tun suna jarirai. Daga nan laƙabin Farka ya samo asali. A harshen Songhai jaki ke nan, duk wanda ya zauna da Zabarmawa ya san kalmar, kuma an sa masa shi ne saboda juriya da taurin kai. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, mu ma ɗan wabi ba ya rasa irin su Ajuji da Ayashe da Barmani.

Abin da ya fi muhimmanci ga tambayarka shi ne gidansu ba gidan makaɗa ba ne. A Mali, kamar a ƙasar Hausa ta da, kiɗa gado ne. Akwai zuriyoyin da aka san su da shi, irin su Diabaté da Kouyaté, kamar yadda a wajenmu ɗan mai kalangu kalangu zai rataya, ɗan mai kotso kotso. Yaron da ya fito daga gidan da ba a kiɗa, in ya ɗauki abin kiɗa, faɗa zai sha, kuma Ali ya sha. To amma rashin gadon ya zo masa da wani alheri. Mai gado abu ɗaya ake ɗora masa, ya ƙware a kai har ya mutu. Shi kuwa ba wanda ya ɗora masa komai, saboda haka duk abin da ya ji ya burge shi sai ya ɗauka. Wannan fassarata ce, amma ina jin ita ce ta sa ya zama mai hannu da yawa.

Ya fara da njurkel, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake kaɗawa da yatsa. In kana son ka kwatanta, tuna kuntigin Ɗan Maraya Jos, gwangwanin kifi da fata da tsirkiya guda, amma a hannun gwani ya cika fili. Daga nan sai njarka, wadda telanka ya ce tana kama da kukuma, kuma bai yi ƙarya ba: 'yar ƙwarya ce da aka rufe da fata, da tsirkiyar izga, ana goga ta da ɗan baka. A 1956 ya ga Fodéba Keïta, mutumin Gini wanda ya kafa ƙungiyar Ballets Africains, yana kaɗa jita, sai abin ya shiga ransa. Lura da wannan: ya yi shekara goma sha biyu yana kaɗa jitar aro. Sai a 1968, da aka tafi da shi birnin Sofiya na Bulgeriya wakiltar Mali a wani bikin al'adu, ya sayi tasa ta kansa. A tsakanin nan ya yi tuƙin mota, ya yi kanikanci, ya tuƙa jirgin ruwan ɗaukar marasa lafiya, ya kuma yi aiki da ƙungiyar al'adu ta gundumar Niafunké bayan samun 'yancin Mali a 1960. Ba malamin jita, ba littafi. Abin da ya sani a tsirkiya ɗaya shi ya rarraba a kan shida.

Daga 1970 ya yi wajen shekara goma a gidan rediyon Mali da ke Bamako yana aikin ɗaukar sauti. Wannan kam ina alfahari da shi, ɗan sana'armu ne. Da na'urorin gidan ya riƙa ɗaukar kansa yana aika tef zuwa Faris, faifansa na farko ya fito a 1976. Ɗaya daga cikin faya-fayan nan ya faɗa hannun masu shirin kiɗa a Ingila, har wata mata daga kamfanin World Circuit ta zo Bamako nemansa, aka yi cigiyarsa ta rediyo. A 1987 ya je Landan, daga nan duniya ta san shi. Ya ci lambar Grammy, babbar lambar yabo ta kiɗa a Amurka, sau uku, ta ukun bayan rasuwarsa. Duk da haka manomi yake kiran kansa, kuɗin da ya samu a injinan ban ruwa da gonakin shinkafa ya zuba su. A 2004 aka zaɓe shi magajin garin Niafunké, ya riƙa gyara hanyoyi da magudanan ruwa da kuɗin aljihunsa. Ciwon dajin ƙashi ya yi ajalinsa a Bamako a watan Maris na 2006.

Dalilin da ya sa ka ji kamar a gida

Ruwa ba ya tsami banza. Bari in fara da wani abu da ya faru a gabana. Wata rana wani dattijo mai kukuma yana jiran a gyara masa makirufo, sai na kunna ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙin Ali don in gwada lasifika. Ban ce masa komai ba. Can na hango yatsunsa na hagu suna motsi a kan gwiwarsa, suna bin kiɗan kamar tsirkiya ce a wurin. Da ta ƙare ya tambaye ni mai gogen wane gari ne wannan. Na ce jita ce. Bai yarda ba sai da na nuna masa hoton bangon faifan. Abin da yatsunsa suka gane, shi zan yi ƙoƙarin warware maka.

Na farko, matakan sauti. Yawancin kiɗan Turawa a kan matakai bakwai yake tafiya, haka ma kiɗan kora, abin kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa na Mandinkawan kudancin Mali. Kiɗan arewacin Mali kuwa, na Songhai da Fulani da Buzaye, galibinsa a kan biyar yake, kuma nan ne gidan mafi yawan waƙoƙin gargajiyar Hausa. In ka samu fiyano, danna baƙaƙen maɓallan kaɗai ka bar fararen, za ka ji amon da nake nufi, ko da ka ka danna sai ka ji kamar ka san waƙar. Tsanin da Ali ke hawa yana sauka shi ne wanda mai gurmin ƙauyenku ke hawa.

Na biyu, kuma wannan ya fi na farko nauyi, ba ya barin gida. Mai jita na Turawa yana tafiya ne ta hanyar sauya kod, wato sautuka uku ko huɗu da ake dannawa lokaci guda: ya tsaya nan, ya koma can, ya dawo. Ali a yawancin waƙoƙinsa a kan sauti guda yake kafa turke, ya yi ta kewaya shi har waƙa ta ƙare. Babban yatsansa na dama yana riƙe da tsirkiyoyi masu kauri, yana maimaita ɗan gajeren taki ba fashi, manuniya kuma tana can kan sirara tana zuba magana. Yakan ma ƙara ɗaure tsirkiya mafi kauri, ya ɗaga amonta daga sautin da masu jita ke kira E zuwa G, don turken ya riƙa amsawa ba sai an danna shi ba. Yatsun hagu kuma ba sa zama: su doki tsirkiya, su fizge ta, su yi 'yar rawa tsakanin sauti biyu da sauri. Waɗannan 'yan karkarwar ba dabarar jita ba ce tun asali. Haka mai njarka yake yi, haka mai kukuma yake yi, don wanda ke da tsirkiya ɗaya ba shi da wata hanyar ƙawata sauti sai ita. Su ne dattijon nan ya gane.

Na uku, murya da tsirkiya layi ɗaya suke bi. In yana waƙa, jitar tana faɗin abin da bakinsa ke faɗi, tana ɗan gaba ko ɗan baya, da 'yan ƙawace-ƙawace. In ya yi shiru ta karɓa, ta zama 'yar amshi. Saurari Haruna Uji da gurminsa, ko Ɗan Maraya, za ka ji wannan zance tsakanin mutum da abin kiɗansa.

Sai ƙwarya. Wannan ba ta bukatar dogon bayani ga wanda ya san kiɗan amada na su Barmani Choge, ko ya ga masu ƙwarya zaune bayan mai goge. Ana kifa ta, a doke ta da dunƙulen hannu ta ba da amo mai zurfi, a ƙwanƙwasa ta da 'yan sanduna ta ba da ƙas-ƙas. A faya-fayan Ali da yawa Hamma Sankaré ne ke riƙe da ita, kuma ni a wajena rabin daɗin yana hannun mutumin nan.

In ka ce ta yaya aka yi haka, ai ba nisa ne tsakaninmu ba. Kogin da ya ratsa Niafunké shi ya biyo ta Gao da Yamai da Gaya ya shigo Kabi. Daular Songhai ta yi hulɗa da ƙasar Hausa ta ciniki da malanta da yaƙi, Shehu Magili da ya zauna a Kano wajen Sarki Rumfa ya je Gao wajen Askiya Muhammadu. Fulani da Buzaye kuwa suna can suna nan. Hanyar da goro da gishiri da littattafai suka bi, ita goge da molo suka bi. Ba ina cewa kiɗan Ali kiɗan Hausa ba ne, kada a kai ni inda ban je ba. Yana da takunsa da ba namu ba, irin takamba ta mutanen Gao, mai tafiya kamar raƙumi ya ƙoshi. Maƙwabci ne da kuke shan rijiya ɗaya.

Maganar abokinka

Abokinka ya riƙe wutsiyar gaskiya, amma bai kama jikinta ba. Gaskiya ne Ali ya ji kiɗan baƙaƙen Amurka a ƙarshen shekarun 1960, ya ji John Lee Hooker mai jitar buluz, ya ji Otis Redding da James Brown, kuma ya so su. Akwai waƙoƙinsa 'yan kaɗan da in ka ji ka san Hooker ya ratsa ta wurin, musamman yadda yake jan sauti a jitar lantarki. Masu sayar da faifai a Turai sun ga wannan kamar, suka yi ta kiransa John Lee Hooker na Afirka, sunan da shi kansa bai so ba.

Sai dai lissafin shekaru bai goyi bayan kwaikwayo ba. Mutumin da ya fara kaɗa njurkel yana yaro, ya kama jita tun 1956, ya riga ya gina hannunsa shekaru kafin faifan Hooker ya iso kunnensa. Abin da ya sha faɗa shi ne da ya ji Hooker ya ɗauka kiɗan ƙasarsu ne, kuma a ganinsa tushen yana wajensu, abin da ke Amurka reshe ne da bayi suka tafi da shi. Sa'annan ginin ma ya bambanta. Buluz da aka fi sani yana da zagaye na ma'auni goma sha biyu da kod uku da ake bi a jere, Ali kuwa ba ya bin wannan. Abin dariyar shi ne Hooker ma sau da yawa ba ya bi, a kan kod ɗaya yake zama yana buga ƙafa, shi ya sa a duk masu buluz shi ne ya fi kama da Ali.

Shin daga yankinmu buluz ya fito? Masana sun daɗe suna kai da komo. Wani masanin kiɗa ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, ya fitar da littafi a 1999 inda ya nuna cewa siffofi da dama na buluz, irin waƙar mutum ɗaya da abin kiɗa mai tsirkiya, da jan murya, da matakai biyar, sun fi kama da na yankin da ya taso daga Mali ya ratsa arewacin Najeriya zuwa Kamaru, fiye da na bakin teku masu manyan ganguna. Cikin misalansa har da wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru a shekarun 1960. Hujja ce mai ƙarfi. Amma buluz a kudancin Amurka aka haife shi, wajen ƙarshen ƙarni na 19, cikin wahalar mutanen can da cocinsu da gonakin audugarsu, kuma ba daidai ba ne a ƙwace musu shi a ce namu ne kawai. Kama da wane ba ta wane. Ni mai ɗaukar sauti ne, wannan shari'a ta fi ƙarfin kujerata. Abin da zan iya tsaya maka a kai shi ne wanda ka ji a shagon tela ba kwafi ba ne.

Yadda ake saurarensa

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zauna yana jiran inda waƙar za ta "tashi", kamar yadda waƙoƙin fim suka saba mana: shiga, amshi, hawa, sauka. Ba za ta tashi ba. Ni ma da kuɗina da lokacina na koyi wannan. Shekarun baya wani tsoho mai gurmi ya zo in ɗauke shi, ni kuma lokacin ina ji da sabuwar kwamfuta. Na sa masa abin ji a kunne mai ƙwanƙwasa masa lokaci, ƙyat, ƙyat, ƙyat, don in samu in ɗora fiyano daga baya. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana kiɗa sai ga shi yana tuntuɓe kamar ɗan koyo. A karo na huɗu ya cire abin ya ajiye a kan tabarma, ya ce a kira masa yaronsa mai ƙwarya. Suka yi ta a zama ɗaya. Ban daddara ba, na kwana biyu ina jera kod a ƙarƙashin gurmin. Duk inda na sauya kod sai in ji yana faɗa da turken da tsohon ya kafa, kamar an sa wa mai babbar riga takalmin ƙwallo. Daren na uku na goge duk abin da na ƙara, na bar gurmi da ƙwarya da murya. Sai a lokacin na ji abin da ke ciki: ashe ba ya maimaita zagaye biyu iri ɗaya, kowane dawowa da ɗan abin da ya sauya, nan ya jinkirta, can ya haɗiye sauti guda, can ya ninka shi.

Haka za ka yi da Ali. Zaɓi waƙa ɗaya ka ji ta sau uku. A na farko bi ƙwarya kaɗai, har ƙafarka ta kama takun. A na biyu bi babban yatsa, wannan ɗan takin na ƙasa da ba ya canzawa. A na uku sai ka saki kunnenka ga sirarun tsirkiyoyi da murya, ka ga yadda suke tsere suna dawowa kan turke. In njarka ta shigo za ka sani, kukanta siriri ne mai ɗan kaushi, kamar muryar tsohuwa daga bayan danga.

Roƙo ɗaya: kada ka yi wannan da lasifikar waya. Ba ta fitar da amon ƙasa, saboda haka dunƙulen hannun mai ƙwarya da babban yatsan Ali duk ɓacewa suke yi, a bar ka da ƙas-ƙas. Ko abin saƙalawa a kunne mai araha ya fi. Kuma ka yi hattara da waƙoƙin da ake turawa daga waya zuwa waya, na sha ganin an liƙa sunan Ali a kan kiɗan wasu.

Ƙofar shiga

Da ka tambayi mutum goma, tara za su ce ka fara da Talking Timbuktu na 1994, wanda ya yi da Ba'amurke Ry Cooder, shi ya ci Grammy ta farko. Faifai ne mai kyau, a ciki Ali ya kaɗa jita iri biyu da banjo da njarka. Amma ni ba zan fara kai ka can ba. A Amurka aka ɗauke shi, an ƙara masa bas da gangunan Turawa, an yi masa shara da yayyafi don baƙo. Kai ba baƙo ba ne, ta ƙofar gida ka shigo.

Da tsohuwar zuma ake magani. Nemi Radio Mali, tarin abubuwan da ya ɗauka a shekarun 1970, wanda aka fitar a 1996. Ɗaukar ba ta da ƙyalli, kana jin ɗakin, amma a nan za ka ji jita tana koyon yaren tsirkiya ɗaya ƙiri-ƙiri. Daga shi sai Red & Green, wato Ja da Kore, faya-fayai biyu na shekarun 1980 da aka haɗa aka sake fitarwa a 2004. Jan shi ne wanda ya sa aka zo cigiyarsa. In hasashena ya yi daidai, abin da ka ji a shagon tela daga ɗayan waɗannan yake, tunda ka ce murya da jita da ƙwarya kawai.

Bayan su sai Niafunké na 1999, wanda ni na fi so, wataƙila don son kai irin na sana'a. Lokacin ya gaji da yawon duniya, ya ce gona ta fi masa, sai aka kwaso na'urori da janareta aka kawo masa har garinsu, aka kafa a wani tsohon gini da ba kowa. Sai ya gama da gona ake ɗauka. Akwai jitar lantarki a ciki, amma njarka da ƙwarya da 'yan amshi sun samu fili sosai, kuma kana jin mutum ne a cikin mutanensa, ba ya yi wa kowa bayani.

In the Heart of the Moon na 2005 wani abu ne daban. Shi da Toumani Diabaté ne, mai kora, abin kiɗa mai tsirkiya 21. An ɗauke shi a wani otal a Bamako da ke kallon kogi, zama uku, ba gwaji. Abin lura a nan shi ne Ali ya bar matakansa biyar ya shiga gidan bakwai na Mandinkawa, ya koma mai riƙe wa Toumani turke, ɗan arewa yana bin ɗan kudu da ladabi. Waƙa kaɗan ce a ciki, kusan duka kiɗa ne. Ga mai dawowa daga aikin dare irinka, ban san abin da ya fi shi ba. Savane kuma, wanda ya fito a 2006 bayan rasuwarsa, ka bar shi ƙarshe. Yana ɗaukarsa yana fama da ciwon, muryar ta yi nauyi, ga ngoni, ɗan'uwan molonmu, a hannun su Bassekou Kouyaté.

In ka ƙoshi da waɗannan, almajirinsa Afel Bocoum yana nan, shi ma ɗan Niafunké. Ɗansa Vieux Farka Touré ma ya gaji jitar, duk da uban ya so ya shiga soja, sai da Toumani ya sa baki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai shi ya fi karkata ga lantarki da ƙara. Kuma kada ka tsallake na kusa da kai: marigayi Malam Mamane Barka na Nijar, malamin makaranta da ya yi suna da gurmi, yana waƙa har da Hausa, daga baya ya je ya koyo biram, abin kiɗa mai tsirkiya biyar na Buduma masunta tafkin Chadi, lokacin da ya kusa ɓacewa.

Batun yare

Ali ya yi waƙa da Songhai da Fulatanci da Tamashek na Buzaye da Bambara. Ni Zabarmancina na kasuwa ne, ina tsintar kalma nan da can, Fulatancin Masina ta Mali kuma ko Bafulatanin Adamawa sai ya kasa kunne da kyau. Saboda haka abin da na sani na ma'anonin daga bayanan da ke cikin faya-fayan ne da bakin waɗanda suka fassara mini. Yawanci a kan noma ne da aiki, da neman ilimi, da haɗin kan ƙabilun Mali, da soyayya, da yabon garuruwa da mutanen kirki. Tunda ba maroƙi ba ne, bai rayu a kan wasa masu kuɗi ba. A nan ma yana tuna mini Ɗan Maraya, wanda ya yi wa karen mota waƙa.

Akwai kuma waɗanda suka shafi aljanun kogi, gara ka ji daga bakina. A yankinsu akwai tsohuwar al'ada mai kama da borinmu, kakarsa tana cikin manyanta, kuma njarka ce abin kiɗan wurin, kamar yadda goge yake a wajen 'yan bori har ake masa kirari da kan bidi'a. Ali Musulmi ne, amma bai ɓoye cewa ya taso cikin wannan ba, kuma yakan ce njarka ba abin wasa ba ce. Hukuncin sauraro ba fagena ba ne, malamai suna nan, ka tambaye su. Ni dai na gaya maka abin da ke cikin kayan.

Mafi sauƙin hanya kuwa tana hannunka. Mutumin da ke kunna Ali a shagonsa yana aiki, da wuya a ce ba ya jin ko ɗaya daga cikin yarukan nan huɗu. Ranar da za ka karɓo ɗinkinka, tafi da goro, ka zaɓi lokacin da ba layi, ka ce ya sake sa maka waccan waƙar ta ranar farko ya riƙa tsayar da ita yana gaya maka abin da ake cewa. Ka tambaye shi sunanta da faifan da take ciki, ka rubuta, sa'annan ka aiko mini in ga ko hasashena na jan faifai ya faɗa daidai.